Shekarar da Muka Sha Irin Alkama

Ku 'ya'yana, da ku jikokina da kuka fi ni karatu. Ranar sadakar arba'in ta mahaifinku ina zaune a ɗaki, mata sun cika tsakar gida ana rabon waina, sai na ji ɗaya daga cikin jikokin Baba Kiyari, wan mahaifinku, ta ɗauko tsohon zancen nan tana dariya. Ta ce da ba don amaryar gidan ta saci iri ta ba mijinta ciyawa ba, da har yau garkar kwari tamu ce. Ba da mugunta ta faɗa ba, haka ta taso ta ji ana faɗa. Amma na ɗaga labule na ga 'yata Falmata ta sunkuyar da kai, mace mai jikoki, tana jin kunya saboda uwarta. Shi ya sa na sa aka sayo mini kaye, wato littafin rubutu, da alƙalami. Rubutuna na karatun manya ne, da furfura a kaina na koye shi, ku yi haƙuri da hannun. Abin da zan rubuta kuwa da idona na gan shi.

Daga wani ƙauye kusa da Gamu aka kawo ni Gure. Gidan mijina da Barbarci suke magana a tsakaninsu, sai an fita kasuwa ake juya harshe, amma saboda ni suka riƙa yin Hausa a tsakar gida har kunnena ya buɗe. Surukina ya rasu kafin zuwana. Maigida shi ne Yaya Kiyari, wan mahaifinku, da matarsa da 'ya'yansu biyar. Sai Iya Fanna, uwarsu, 'yar ƙaramar tsohuwa mai ƙarancin magana, wadda ba ta taɓa kiran sunana ba sai dai ta ce 'yar nan. Mahaifinku kuma 'Yar Gamu yake ce mini, tun daga ranar farko har ranar ƙarshe.

Gero muke ci kamar kowa, amma abin da aka san gidan da shi alkama ce. Muna da garka a cikin kwari, inda ruwa yake kusa, ƙarƙashin dabino. Idan sanyi ya shigo sai maza su tsara fangali, su kafa jigo a bakin rijiya, su yi ta ban ruwa har alkama ta nuna. Tamu ja ce, ƙananan ƙwayoyi gare ta, an ce kakansu ne ya zo da ita daga Asben. Masu yin alkaki da taliya na Gure sun san ta, suna nemanta da sunan gidan. Akwai kuma ƙa'ida guda biyu da ya kamata ku sani, don in ba su ba labarin ba zai zauna muku ba. Ta farko ta gida ce. Bayan girbi ana zaɓar zangarniya mafi kyau a sussuke, a gauraya da toka, a zuba a tulu, a rufe bakinsa da sakaina a shafe da laka. Tulun a ɗakin Iya yake zama, wajen kan gadonta, ba mai taɓa shi sai sanyi ya dawo, maigida ya yi bisimilla ya fasa lakar da hannunsa. Ta biyu ta kwari ce. Duk garkar da ta wuce sanyi ɗaya ba a shuka ta ba, Bulama, mai gari, zai ba wani mai iri, don ba a barin ruwan kwari yana zaune banza.

A shekarata ta biyu a gidan, fara ta sauka ƙarshen damina, gero yana kan nuna. Kwana biyu ta yi. Da ta tashi, ba gona kaɗai ta ci ba, har ganyen itatuwa ta zare, zogalen bayan ɗakinmu ya koma sanda, bai sake tohowa ba. Muna cikin wannan sai ga gardi, ɗan sandan Nasara, ya zo da umarnin kumandan, Baturen mulki, kowane gida ya ba da namiji ɗaya don aikin hanya. Sunan Yaya aka kira. Mahaifinku ya ce maigida ba ya barin gida a irin wannan shekara, ya ɗauki gorarsa da bargonsa ya bi su a madadinsa. Sanyin nan Yaya shi kaɗai ya ja jigo, hannu biyu a wurin hannu huɗu, ga ciki ba abinci. Kaɗan ya iya shayarwa. Abin da aka girbe yara suka ci, aka ware tiya uku aka rufe a tulu.

Sai tsakiyar bazara aka dawo mana da mahaifinku, a bayan takarkari, wani ɗan Alakos yana tallafe da shi. Ban gane shi ba sai da ya ce 'Yar Gamu. Wata shida suna cin dafaffen gero da gishiri, ba miya, ba nono, ba ganye. Dasashinsa ya kumbura ya yi baƙi har ya hau kan haƙora, ko ruwa ya kurɓa sai jini. Haƙoran suna girgiɗa, biyu na gefe sun riga sun faɗi a can. Ƙafafunsa duk tabo kamar wanda aka yi wa duka, wani tsohon sara na gatari da ya warke tun yana saurayi ya sake buɗewa. Mutum huɗu aka maido unguwarmu a wannan hali. Kafin sati ya zagayo an binne biyu.

Ba a zauna ba. Malam ya yi rubutu an wanke an ba shi. Wanzami ya zo ya yi ƙaho, jinin ya ƙi tsayawa har la'asar, Iya ta ce kada a sake. An dafa kanwa yana kurkure baki. Ni kuma ina dama kunu tsararo ina ba shi da ludayi, rabi ya shiga rabi ya dawo. Abin da yake damuna shi ne wata magana ta mahaifina. Shi ɗan ayari ne, ya sha zuwa Kawar ɗauko gishiri da dabino. Yakan ce idan tafiya ta yi tsawo bakin mutane yana ruɓewa haka, kuma ba abin da yake maido su sai ɗanyen ganye, har ya ga manyan mutane sun durƙusa tare da raƙuma suna tsinkar ciyawa a rijiyar farko. Na faɗa wa Iya. Ta dube ni ta ce in nuna mata ɗanyen. Gaskiyarta. Kuka busasshiya, kuɓewa busasshiya, yakuwa busasshiya. Garkunan kwari an girbe an bar su, albasa ma babu. Daga Gure har inda ƙafa za ta kai ba abin da yake kore sai kan dabino.

Wata safiya na shiga ɗakin Iya zuba ruwa a randa. Randar a kan yashi take zaune, tana tsattsafo, gindinta kullum a jiƙe. Da na sunkuya sai na ga wani abu kore a bayanta, wajen bango, siri-siri kamar allurai, bai fi ashirin ba. Ƙwayoyin alkama ne da suka zube ranar da ake cika tulu, tsintsiya ta tura su can, sanyin randa ya tashe su. Na daɗe a durƙushe ina kallo. Na tsinke su, na murje a tafin hannu da ɗan ruwa, na je na ɗiga masa a baki. Ba zan ce muku ya warke da wannan ba, ɗigo nawa ne. Amma ya lashi leɓensa, ya buɗe ido, ya tambaye ni ko akwai saura. Tun da ya dawo bai nemi komai da bakinsa ba sai ran nan.

Kada ku ce ban nemi wata hanya ba. Na jiƙa geron da muke ci, tsoho ne na ƙasan rumbu, ƙwari sun huda shi, ya yi tsami bai tsira ba. Tsiron dawa kowa ya san yana kashe akuya, ba zan ba mutum ba. Irin gero na damina kuwa ran gidan ne gaba ɗaya, ko a mafarki ban taɓa shi ba. Saura tulu. Na sami Yaya a zaure bayan azahar yana gyaran igiya, na durƙusa daga bakin ƙofa na gaishe shi, na faɗi abin da ya kawo ni. Bai yi faɗa ba. Ya ajiye igiyar ya ce:

"Amarya, ƙanena ne kafin ya zama mijinki, kuma a madadina ya tafi. Da na san tabbas ciyawa za ta tashe shi, da haƙorana zan fasa tulun nan. Amma ba ki sani ba, ni ma ban sani ba. In ya tafi kuma iri ya tafi, yaran nan me zan ce musu?"

Ya sake ɗaukar igiyarsa. Ya ce to a bar wa Allah. Ina so ku riƙe wannan, don ba na son kowa ya zagi Baba Kiyari a kan abin da na rubuta. Mutum ne da baki tara ke jiran hannunsa. Washegari ya ɗaura wa jaki mangala ya tafi Bune neman hatsi wajen dangin matarsa.

Da hantsi, matar Yaya ta tafi rijiya da yaran, Iya ta kira ni ɗakinta. Na same ta zaune a ƙasa, tulun yana tsakanin ƙafafunta, da 'yar wuƙarta ta yankan kuɓewa. Ta yi bisimilla. Ta bi gefen lakar da bakin wuƙa a hankali, ta zagaye, ta ɗaga ta ɗungum kamar murfi, ko ɓarɓashi bai faɗa ciki ba. Ta zura hannu ta ɗebo cikin tafi ɗaya ta ƙulle a bakin zanenta. Sannan ta turo mini tulun ta ce:

"'Yar nan, ni na buɗe. Amma in babban ya ji uwarsa ce ta zaɓi ɗa ɗaya a kan gida, shi da ƙanensa sun rabu ke nan har kabari. Ke baƙuwa ce, in ya yi fushi da ke fushin zai tsaya a kanki. Za ki iya ɗauka?"

Na ce zan iya. Shekaruna ba su kai ashirin ba, ban san nauyin abin da na amsa ba. Ko da na sani ma, ina jin amsar ba za ta sake ba.

Sai na yi wauta irin ta matar masu garka. Ni dai na ga yadda maza suke shuka alkama, saboda haka na share wuri a bayan ɗaki, na ja fangali da 'yar gefensa kamar na kwari, na watsa tiya guda cur, na yi ban ruwa. Na manta su da sanyi suke shukawa. Ranar bazara ta dafa ƙasar, ƙwayoyin suka kumbura suka fashe, abin da ya leƙo ya ƙone a kwana na uku, kaji suka ƙarasa sauran. Kashi ɗaya cikin uku na irin gidan ya tafi a banza, mahaifinku kuma yana ƙara nisa. Na zauna a wurin ina kuka. Iya ta zo ta tsaya a kaina, ba ta lallashe ni ba, ta ce alkamar da kanta ta nuna mini inda take so, ni ce ban saurara ba.

Daga nan na koma gindin randa. Na bi maƙwabta ina roƙon fasassun tukwane da tsofaffin kasake, suna tambayata ko gini zan yi. Na cika su da yashi mai ɗan tsohon takin awaki. Kowace rana ina jiƙa cikin tafi biyu, su kwana a ƙoƙo, da safe in baza a kasko ɗaya, in rufe da jiƙaƙƙen faifai. A kwana na uku sai ka ga fararen saiwoyi sun kama yashi. In ɗauke faifan, in fitar da kaskon ya sha hasken safe kafin rana ta yi zafi, in maido shi inuwa. Iya ta ba da ɗakinta gaba ɗaya, muka rataya jiƙaƙƙen bargo a ƙofa don iska ta yi sanyi. Ruwa shi ne wahalar. Sau biyar nake zuwa rijiya a yini, wuyana har yau yana tuna mini. Kafin na farko ya isa yanka ina tsamo masu farin tsiro in niƙa in tace masa a kunu. A kwana na takwas kaskon farko ya kai tsawon tafin hannu, kore shar, a tsakiyar bazarar da ko akuya ba ta ga irinsa ba.

Na yanka da wuƙa sama da saiwa kaɗan, don yana sake tohowa sau ɗaya. Na daka a ƙaramin turmi, na zuba ɗan ruwa, na matse a farin ƙyalle. Ludayi ɗaya ya fito, kore har yana duhu, da kumfa a sama. Nan ma na yi kuskure, turmin na dakan yaji ne, duk wankin da na yi barkono bai fita ba. Da ya kurɓa sai ya zabura, hawaye na zuba, ya kama hannuna. Da ya sami magana ya ce:

"'Yar Gamu, in kashe ni za ki yi, ki bari in yi alwala."

Dariyar da na yi ran nan ita ce ta farko a wata shida. Daga ranar na koma dutsen niƙa na Iya, in wanke shi tas, in murje ganyen a kai. Safe ludayi ɗaya, la'asar ludayi ɗaya. Ya ce da farko zaƙi gare shi, daga baya ɗaci, ƙamshinsa kuma na garke ne bayan ruwan farko. Idan ya gan ni da ƙoƙo sai ya yi kukan rago a hankali. Tuƙar da ta rage nakan ba yaran Yaya su tsotsa, don na ga dasashin ƙaramar ya soma ja.

Yaya ya dawo a kwana na goma sha uku. Ya shiga gaishe da uwarsa, ya ɗaga jiƙaƙƙen bargo, ya ga kasake jere har bakin gado. Ina tsugune da wuƙa a hannu. Ya dubi tulun, ya dubi murfin lakar da ke jingine a bango, ya daɗe yana kallonsa. Iya tana kan gado tana jan carbi. Ya tambaya wa ya buɗe. Na ce ni ce. Ya sake tambaya, idonsa ba a kaina ba. Na sake cewa ni ce. Ya sunkuya ya ɗauki tulun, da sauran fiye da tiya ɗaya a ciki, ya fita da shi. Hanyarsa ta bi ta ƙofar ɗakinmu. A ranar kuwa mahaifinku ya matso bakin ƙofa da kansa ya jingina da bango, karo na farko. Ya ɗaga kai ya ce wa wansa sannu da hanya, ya tambaye shi yadda ya baro mutanen Bune. Muryarsa ta fita sarai, ba jini a leɓensa. Yaya ya tsaya da tulu a hannu. Sai ya juyo ya dire shi a gabana ya ce:

"Ƙarasa abin da kika fara. Amma ki sani, garka ce kike zubawa a kasko."

Na ƙarasa. Ruwa ya yi jinkiri a shekarar, sai da na kankare gindin tulu kafin tafasa da rama su fito a bayan gari. Labari ya bazu a unguwa. A rijiya mata sukan tambaye ni ina ragona, ya ƙoshi ko a ƙaro harawa. Wata ta ce ta ga masu kiwon layya amma ba ta taɓa ganin mai kiwon miji ba sai ni. Ina dariya tare da su in ɗauki tuluna. Matar ɗayan mutumin da ya rage cikin huɗun nan ba ta yi dariya ba, ta zo da ƙoƙonta a ɓoye cikin zane, na riƙa raba mata toho na biyu. Mijinta ya tashi, ya rayu har ya ga jikoki.

Ranar da nake so ku tuna ita ce wata Juma'a, damina ta kama. Mahaifinku ya sa rigarsa ya taka zuwa masallaci ba sanda. Da aka sauko, maza suka zauna a ƙofar gida ana yi masa barka, wani abokin wasansa ya ciro goriba daga aljihu ya miƙa masa don tsokana, ya ce a ga ko rago ya iya abincin mutane. Kun san goriba, mai lafiyar baki ma sai ya shirya. Ina leƙe ta zana. Ya karɓa, ya juya ta a hannu, ya kafa mata haƙori. Na ji ƙarar daga inda nake. Ya gatsa, ya tauna, ya haɗiye, ya nuna musu wurin gatsar, ba ɗigon jini. Sai aka ɗauki salati. Na koma madafa na zauna. An yi mini abubuwan alheri da yawa a rayuwa, na je Makka, na ga auren jikoki, amma ban taɓa jin kaina ya kai inda ya kai ran nan ba.

Sai sanyi ya zo da hukuncinsa. Yaya ya zaga kwari gida gida neman iri, ya je har Bune da ƙauyukan Gamu, kowa irinsa daidai garkarsa, wasu ma bai kai ba. Bulama ya jira mu fiye da yadda aka saba, daga baya ya aiko. A gaban mutane aka tambayi Yaya ina irin gidansu, ya ce amaryar gidan ta buɗe tulu ba ya nan. Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Bakin mutane ne ya mai da buɗewa sata. Aka ba wani gida garkar da kakansu ya haƙa wa rijiya. Yaya ya koma aikin kanwa, mahaifinku ya shiga fatauci da jakuna, gidan da aka sani da alkama ya zama gida kamar kowane. Shekara bakwai Yaya bai amsa gaisuwata da fiye da kalma ɗaya ba. In an yi baƙi a gidan, ana nuna ni da haɓa. Amma shi da ƙanensa a kwano ɗaya suka ci tuwo har mutuwa ta raba su, abin da Iya ta saya ke nan, ni kuma na biya da sunana.

Cikin tafin nan da ta ƙulle a zane, a wannan sanyin ta kwance shi. Muka ja ɗan fangali ɗaya a tsakar gida, bai fi tabarma ba, ina shayar da shi da ruwan tulu. Ya ba mu ƙoƙo guda. Kowace shekara haka, ko bayan rasuwarta ban fasa ba. Jar alkamar da kuka taso kuna gani a bayan ɗakina, kuna cewa wasan tsohuwa ne, ita ce ta Asben.

Yaya ya tsufa, idonsa ya tafi. Wata rana na kai masa fura, ya ce in dakata. Ya ce lakar bakin tulu mutum biyu ne a duniya suka iya ɗaga ta ɗungum ba ta fashe ba, ubansa da wadda ta shekara talatin tana kallon ubansa yana yi. Ya ce tun ranar ya sani. Bai ce in yafe ba. Na dama masa furar, ya sha, ya ce Allah ya yi mini albarka. Ya kira ni da sunana, Hadiza, karo ɗaya ke nan a rayuwarsa.

Jikana da yake aiki a gidan likita ya ce mini ciwon sananne ne, rashin ɗanyen abu ke kawo shi, ko lemo ko tumatir da sun yi aikin. Na ce masa Allah ya sa da yana nan a lokacin ya nuna mini itacen lemon. Ni ba likita ba ce, ban ce alkama tana maganin kowane ciwo ba. Abin da ke gabana na yi aiki da shi.

Ciwon ƙarshe na mahaifinku ba irin wancan ba ne, tsufa ne, dukanmu mun san inda aka nufa. Duk da haka wata safiya ya ce yana marmarin ciyawarsa. Na jiƙa cikin tafi biyu, na nemo kasko, na ajiye a gindin randa. Yana kwance yana kallona ina rufewa da faifai, sai ya ce ranar da Iya ta kira ni ɗakinta ba barci yake ba, zana ce kawai tsakanin ɗakunan, ya ji komai. Ya ce ya yi shiru saboda uwarsa da wansa, kuma shirun ya fi ciwon yi masa nauyi.

"Yanzu duk sun tafi, 'Yar Gamu. In na bi su, ki faɗa wa yara. Kada ki shiga ƙasa da sunan da ba naki ba."

A kwana na shida ya rasu, bayan sallar azahar, tsiron bai kai yanka ba. Ban iya taɓa kaskon ba, na bar shi ya yi tsawo ya kwanta.

To na faɗa. Ban saci iri ba, ba ni aka yi, kuma da za a sake ba ni zan sake karɓa. Garka ta tafi, ina ganin dabinonta daga nesa idan an wuce da ni a mota, ba na juya kai. Ku dai ku dubi junanku, ku tara da na haifa, da 'ya'yanku da nasu, ba ɗayanku da aka haifa kafin wannan bazarar. Irin yana cikin gwangwani a ƙarƙashin gadona, gauraye da toka. Falmata ce za ta ɗauka, ta shuka shi da sanyi, ba da bazara ba. Wanda ya yi wa mahaifinku wanka ya fito yana mamaki, ya ce bai taɓa wanke tsoho mai shekara tamanin da baki cike haka ba. Na ce masa biyu ne babu, na gefen hagu, kuma a wajen aikin hanya ya baro su. Sauran talatin ɗin da su aka binne shi.